Maganar Kuloci: Jawabin Magatakarda a Taron Cikar Shekarar Ƙungiya



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, baƙinmu da suka tsallako daga Jibiya da Katsina, direbobi da yaran mota, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Waɗanda suka rigaye ni tsayawa nan sun taɓo manyan abubuwa: duwan, canjin kuɗi, shingayen hanya. Ni kuwa a kan ɗan ƙarfe zan yi magana, wanda faɗinsa bai wuce na faifan rufe ƙwarya ba. Kuloci nake nufi, abin da makanikan wannan gefen ke kira ambireyaj. Dalilina shi ne duk takardar neman rance daga asusun taimakon juna ta teburina take bi, kuma cikin masu neman kuɗin gyaran mota, kuloci na daga cikin abubuwan da suka fi dawowa. Har akwai wanda kan zo a kansa da kaka, ya sake zuwa a kansa kafin damina. Kulocin kirki ba ya mutuwa cikin wata shida. In ya mutu haka, to ko an saka marar kyau, ko an saka rabin aiki, ko kuwa tun asali ba shi ne ciwon motar ba.

Galibinmu tsofaffin a-kori-kura muke morewa. Akwai masu Hilux, akwai kuma waɗanda har yau ke riƙe da Peugeot 504 ɗinsu, bashe, wadda aka daɗe ana haɗa irinta a Kaduna. Motoci ne masu haƙuri, kuma mun san hakan, shi ya sa muke ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. An ƙera su ne don su ɗauki kimanin tan ɗaya, wato buhu 10 na kilo 100. Kowa a zauren nan ya san buhu nawa yake ɗorawa, ba sai na tona asiri ba. Wurin da wannan nauyi ke fara cin mota shi ne daidai inda injin ke miƙa ƙarfinsa ga giya, kuma nan ne kuloci yake.

Abin da nake so mu riƙe shi ne wannan: tsadar kuloci ba a shago take ba, a gareji da bakin hanya take. Ba a iya taɓa shi sai an sauke akwatin giya gaba ɗaya, mai ƙafa huɗu kuma aikinta ya fi yawa. Wuni guda ne cur, wani lokaci biyu. Ladan makanike ɗaya ne, ko nagari aka saka ko na banza. To a ce mutum ya rage jika 15 wajen sayen mai araha, ya yi murna. Bayan wata huɗu motar ta tsaya masa tsakanin Ɗan Isa da Jibiya da lodin albasa, rana tana dukanta. Zai biya motar da za ta kwashe kayan, zai biya mai jan tasa, zai sake biyan makanike, zai sake sayen kuloci, kuma kasuwar ranar ta wuce shi. Ban ma ambaci abin da kowa ya sani ba game da halin da hanyar take ciki in dare ya yi wa mutum a daji. Jika 15 ɗin nan ta tafi, ta ja ƴan uwanta.

Kafin a kai ga saye, a tabbatar kulocin ne ya mutu. Nan ne ake yawan zubar da kuɗi a banza. Alamar faifan da ya cinye sananniya ce: kana cikin giya ta huɗu ko ta biyar, ka taka totur, injin ya yi ruri amma motar ba ta ƙara gudu ba, musamman a hawa ko da lodi, wani lokaci har da ƙauri. Ana iya gwadawa a tsaye: a ja birkin hannu sosai, a saka giya ta uku, a ɗan taka totur, a saki kuloci a hankali. In injin ya mutu nan take, faifan na kamawa. In ya ci gaba da aiki ƙafa tana sama, faifan ya gama. Sau ɗaya ake wannan gwaji, a fili inda babu mutane a gaba, don shi kansa yana cin faifai.

Amma in matsalar ita ce giya ta ƙi shiga, ko tana ƙara in za a saka ta baya, ko feda ta yi laushi ta nutse, to a dakata da sauke giya. Kulocin Hilux da mai yake aiki, irin man birki. Akwai ƙaramin famfo a sama wanda feda ke turawa, akwai wani a jikin akwatin giya. Robobin cikinsu kan cinye, mai ya tsiyaye, iska ta shiga. Gyaransu ɗan kuɗi ne da sa'a ɗaya ko biyu. Haka kuma feda na bukatar ɗan wasa kafin ta fara turawa, a tsohuwar Hilux tsakanin milimita 5 da 15. In wani ya ɗaure ta har wasan ya ɓace, lafiyayyen kuloci ma sai ya dinga zamewa kamar wanda ya cinye. Motar da ke karkarwa wajen tashi kuwa, a duba robobin da injin ke zaune a kansu tukuna. Makaniken da ya ce a sauke giya tun bai leƙa gwangwanin mai ba, a gode masa, a nemi wani.

To an tabbatar, an sauke. Abin da za a tarar a ciki ba ɗaya ba ne. Akwai faifan kansa mai fata gaba da baya. Akwai murfin da ke matse shi, mai yatsun ƙarfe a zagaye. Akwai boris ɗin da ke danna yatsun in an taka feda, wanda a nan ake ce wa bute. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin boris a tsakiyar fulawil, inda bakin sandar giya ke shiga. Tare suka fara aiki, tare suka tsufa. Al'adarmu ita ce a canja faifai kaɗai, a mayar da sauran, don faifan ne ido ke ganin ya cinye. Amma murfin da ya sha wuta shekara da shekaru ƙarfin matsinsa ya ragu, ko da ido bai gani ba. In aka haɗa shi da sabon faifai, ba zai matse shi yadda ya kamata ba, faifan zai dinga zamewa kaɗan-kaɗan, ya yi zafi, ya ƙone kafin lokacinsa. Sai a ce faifan ne jabu, alhali murfin ne ya kashe shi. Boris kuwa shi ne mafi araha a cikinsu, kuma shi kaɗai ya isa ya sa a sake sauke giya. Ni a ganina duk wanda ya riga ya biya kuɗin saukewa, ya saka saiti cikakke. In aljihu bai kai ba, gara motar ta ƙara kwana uku a gareji a cika kuɗin, da a rufe ta da rabin aiki.

Akwai abu biyu da ake dubawa tun giya tana ƙasa. Na farko, baƙin mai. A bayan fulawil akwai robar da ke tare man injin, a gaban akwatin giya ma akwai wata. In aka ga jiƙar mai a cikin kwarkwaron, ɗayarsu na yoyo, kuma man zai sauka kan sabon faifai ya lalata shi komai tsadarsa. Robar ba ta da tsada, a canja. Na biyu, fuskar fulawil. In ta yi shuɗi-shuɗi, ko ta yi zane, ko ƙananan tsagu, a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su gyare ta. Wasu fulawil ɗin suna da ɗan tudu tsakanin inda faifai ke kwanciya da inda ake ɗaure murfi. A tuna wa mai sassaƙar ya bar tudun yadda yake, don in ya shafe shi matsin ya canja.

Yanzu wane iri za a saya? Kamfanonin mota ba su ne ke ƙera kuloci da hannunsu ba, akwai masu yi musu. Aisin na Japan cikin gidan Toyota yake, shi ke yi wa motocinsu da yawa. Exedy ma na Japan ne, dattawan makanikai sun san shi da tsohon sunansa, Daikin. Valeo na Faransa ya daɗe yana yi wa Peugeot. Akwai LuK da Sachs na Jamus. Amfanin sanin wannan shi ne, kayan da ke cikin kwalin kamfanin motar da wanda ke cikin kwalin maƙerin sau da yawa hannu ɗaya ne ya yi su, amma na kwalin maƙerin ya fi sauƙin kuɗi. Nan ne araha ta gaskiya take. Mai Hilux ya fara tambayar Aisin ko Exedy, mai bashe ya fara da Valeo.

Sai dai suna mai kyau shi ake kwaikwayo. Kwali ba shaida ba ne, masu jabu sun iya buga kwali. A fito da kayan a riƙe a hannu. A kwatanta nauyinsa da na tsohon da aka cire. A dubi ƙusoshin da suka riƙe fatar: na kirki kansu ɗaya ne, a daidaice, ba wani ya karkace wani ya fashe ba. A girgiza faifan, sifirin ɗin tsakiyarsa kada su yi ta kacau-kacau kamar za su zubo. A dubi yatsun murfin, tsayinsu ya zama ɗaya. Suna da lamba su kasance a buge a jikin ƙarfen, a fili. In mai shago ya faɗi farashin da bai kai rabin na maƙwabtansa ba a kan suna ɗaya, to ya riga ya gaya maka abin da yake sayarwa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk da haka akwai jabun da ke wuce duk wannan dubawa, shi ya sa mai shagon ya fi kwalin muhimmanci. A saya wurin wanda ke da shago tsayayye, wanda zai rubuta rasit da lambar kayan, wanda kuma ya san in ya cuce ka ƙungiya za ta ji.

Za a tambaye ni na hannu fa, ɗan Beljiyam? Ba na kushe shi gaba ɗaya. Murfi na asali da aka ciro daga injin da bai sha wahala ba yakan fi sabon jabu. Amma a dubi bakin yatsunsa inda boris ke gogawa, in ya yi rami, a ajiye. Faifai kuma a dubi nisan fata da kan ƙusa. Littafin gyaran Toyota ya ce in abin da ya rage bai kai milimita 0.3 ba, faifan ya gama, kuma wanda ke kusa da haka bai cancanci kuɗin saukewa ba. Boris na hannu kam kada a saya ko kyauta ne. Masu sake wa tsohon faifai fata su ma suna nan, suna da gwaninta, kuma ga motar da ke zirga-zirga cikin gari aikinsu kan yi. Amma fata kaɗai suke sabuntawa. Sifirin ɗin da haƙoran tsakiya tsofaffi ne. Motar da za ta ɗauki aya ko wake daga Maraɗi ta nufi Dawanau ba wurin gwada wannan ba ce.

Wasu matasan direbobi kuma sukan ce a nemo musu irin na motocin tsere, mai kunnuwa huɗu ko shida maimakon fata zagayayya, wai ya fi ƙarfi. Yana kamawa, gaskiya ne, amma kamun fizga yake yi, yana cin fulawil, kuma dukan da ya kamata kuloci ya shanye sai ya wuce kan giya da aksul, waɗanda suka fi shi tsada nesa ba kusa ba. Mai son ƙari saboda lodi ya nemi saitin da maƙerin ya yi don aiki mai nauyi, mai murfi mai ɗan ƙarin matsi da fata ta yau da kullum.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman, mu masu ƙetare iyaka. Sunayen kayan nan sukan sarƙe tsakanin gefen biyu. Makanikenka na Maraɗi da faransanci ya koyi aiki, mai shagon Ƙofar Ruwa a Kano da turanci. Abin da ɗaya ke kira dis, ɗayan na iya ce masa filet. Ka aika saƙo ta waya, a kawo maka abin da ba shi ba. Ga kuma tsofaffin motocinmu, da wuya a sami wadda ba a taɓa canja mata injin ko giya ba. Takardar mota tana cewa wani abu, cikin bonet yana cewa wani. Hilux ɗaya ce a ido, amma wata 2L ce, wata 3L, wata 5L, duk na gas, wata kuma 22R ce ko 4Y, na fetur. Faifansu ba faɗi ɗaya ba ne, akwai mai milimita 225, akwai mai 236, akwai wanda ya fi haka, ko da yake haƙoran tsakiya a yawancinsu 21 ne. Saboda haka a tafi da tsohon a hannu, faifai da murfi da boris, a ɗora sabo a kan tsoho a gaban mai shago, a ƙirga haƙora, a duba ramukan noti. In aike za a yi, a aika da kayan kansu ta hannun direban da aka yarda da shi, hoto kaɗai bai isa ba.

Batun inda ya fi araha, Kano ko nan gida, ya danganta da ranar. Sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba ta motsi, naira kuwa tana hawa tana sauka, tun 2023 ma abin ya ƙaru. Akwai ranar da in ka canja jikunanka ka shiga Kano za ka ga kamar kyauta ake bayarwa, akwai ranar da bambancin bai kai kuɗin mota ba. Amma a saka wani abu cikin lissafin: mayarwa. In kayan bai dace ba, ga motarka a kan duwatsu a gareji, ga shagon yana nesa da kai fiye da kilomita 200 da iyaka a tsakani. Mun kuma ga yadda iyakar kan rufe ba shiri, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Ɗan ƙarin da mai shagon gida ya ɗora, wani lokaci kuɗin kusancinsa ne kake biya, kuma ya cancanta. Wanda ke zuwa Kano ko Katsina duk mako, ya kuma san lambar kayansa, ya sayo tun kulocin bai mutu ba, da zarar ya fara jin feda tana kamawa can sama. Saye cikin natsuwa ya fi saye da mota a kwance.

Ranar ɗaurawa kuma, mai mota ko direbansa ya tsaya a wurin. Ba rashin yarda ba ne, ido biyu ya fi ɗaya. Faifai yana da gaba da baya, galibi a rubuce yake gefen da ke kallon fulawil. Dole a daidaita shi a tsakiya da tsohuwar sandar giya kafin a ɗaure murfi, a kuma ɗaure notocin kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi. A goge man da kamfani ya shafa wa fuskar murfin don tsatsa. Girish kaɗan ake shafa wa haƙoran, in ya yi yawa zai fantsama kan fata. Kada a wanke sabon boris da fetur, girish ɗinsa a rufe yake a ciki. Wajen mayar da giya, kada a bar nauyinta ya rataya a kan faifan, kada kuma a jawo ta da noti in ta ƙi shiga, don haka ake lanƙwasa sabon faifai tun bai ga titi ba. Yaran gareji kuma su daina hure ƙurar kwarkwaron da baki ko da iska. Ƙurar tsohuwar fata tana yi wa huhu illa, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Ga direbobinmu, ƴan uwana, kalma biyu. Sabon kuloci yana son a lallaɓa shi na ɗaruruwan kilomita na farko, kada ranar da ya fito daga gareji a yi masa lodin siminti. Bayan haka, abin da ke kashe shi kun san shi: riƙe mota da rabin kuloci a layin duwan ana matsawa taku-taku, ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya, tashi da giya ta biyu da lodi, da kuma ruri a cikin yashi in mota ta kafe. Minti biyar na wannan rurin ya fi tafiyar wata guda cin faifai. In ta kafe, a rage iskar taya, a tona gaban ƙafafun, mai ƙaramar giya ya saka ta, in ta kama a sauke buhu biyar a sauke. Iyayen gida kuma, wanda ya ɗora tan biyu da rabi kada ya zo yana tuhumar direba.

Shawarar da nake gabatarwa ga shugabanni guda biyu ce. Ta farko, asusun taimako ya riƙa bayar da rancen kuloci a kan saiti cikakke da rasit, ko da hakan na nufin a ƙara yawan rancen a kuma tsawaita lokacin biya. Na san akwai dattawan da ke ganin wannan shiga sharo ba shanu ne, mai mota ya fi kowa sanin aljihunsa. Ina girmama wannan ra'ayi, amma kuɗin asusun na kowa ne, kuma rance ɗaya babba da za a biya ya fi mana ƙanana biyu da na biyunsu ke zuwa tun ba a gama biyan na farko ba. Ta biyu, mu buɗe littafi a ofis. Duk wanda ya canja kuloci ya zo a rubuta irin motarsa, lambar injin, sunan kayan da lambarsu, garin da ya saya, da ranar da aka ɗaura. In ya mutu ya dawo a rubuta ranar. Cikin shekara biyu za mu san da hujja wane iri ne ke jure hanyoyinmu, wane shago ne kuma za mu riƙa tura ƴan ƙungiya, har ma mu iya haɗa kuɗi mu sayo da yawa a kan sari.

Littafin na riga na saye shi, yana ofis. In shugabanni sun amince, daga ranar Litinin bayan la'asar za a fara rubutawa. Wanda ya canja cikin watannin nan kuma rasit ɗinsa na nan, ya zo da shi, da shi za mu buɗe shafin farko.

 Allah Ya kiyaye hanya, Ya mayar da baƙinmu gida lafiya.